Tambayi Gwaggo: In ƙara shekara biyu a Jidda, ko in koma a ɗaura?

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi a nan Jidda, 'yar Kano, shekarata 31. Nan da wata bakwai zan cika shekara huɗu a ƙasar nan, kwantiragina kuma ya ƙare. Ni ce babba a gidanmu, mahaifinmu ya rasu tun ina makarantar jinya. Da albashina na riyal 6,500 nake biyan hayar gidan da Umma take ciki, da kuɗin makarantar ƙannena biyu a Jami'ar Bayero, na kuma sayi fili ana gini, ya kai linta.

Akwai wanda muke tare tun kafin in taho. Malamin sakandare ne, suna kuma da ɗan shago a Kantin Kwari shi da yayansa. Da zan taho na ce masa shekara biyu kawai, ya yarda. Da suka cika na roƙi ƙarin biyu, ya yi fushi na 'yan kwanaki ya haƙura. Yanzu asibiti sun ce in na sa hannu a kan wasu shekara biyun za su ba ni shugabancin sashenmu da ƙarin riyal 1,500. Na gaya masa, ya ce ba zai hana ni neman halalina ba, amma manyansa sun matsa, in Babbar Salla ta wuce ba a sa rana ba zai nemi wata. Ina sonsa, Gwaggo. Bai taɓa tambayata ko sisi ba. Amma in na koma, albashin gida ba zai ɗauki nauyin da ke kaina ba. Ƙawayena a sakan, wato gidan da asibiti ya ajiye mu, sun ce maza ba sa ƙarewa, dama ce ke wucewa. Umma ta ce in yi abin da ya fi mini alheri, amma muryarta ba ta yi mini daɗi ba. Me zan yi?

'Yarki a Jidda

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ke kuma ya saka miki da alheri. Yarinya ta ɗauki gida guda a kanta tun ba ta kai talatin ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ce miki kwaɗayin kuɗi ne ya zaunar da ke a Jidda bai san abin da yake faɗa ba.

Amma na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa ban ga abu ɗaya ba. Ban ga inda kika rubuta adadin da in kin tara shi za ki ce ya isa ba. Kin ce masa shekara biyu, kika ƙara biyu, ga wasu biyun a kan tebur. Me zai faru a ƙarshensu da bai faru a ƙarshen na baya ba? Gini ya kai linta. Bayan linta sai rufi, sai filasta, sai tayil, sai katanga da ƙyaure, sai rijiyar burtsatse, sai sola saboda rashin wuta. Kafin a tare wani zai ce ai tunda tubalin mai ƙarfi ne a ɗora bene a sa 'yan haya. Ƙannenki za su gama jami'a su tafi bautar ƙasa su dawo su zauna jiran aiki. In akwai mace a cikinsu, kayan ɗakinta ke za a kalla. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake wasa ne, kowanne buƙata ce ta gaskiya, shi ya sa ma ba ranar da za su ƙare da kansu. Ke ce za ki yanka musu iyaka.

Na san abin da ke riƙe ki, don na sha shiga sakan ɗin 'yan'uwanki ma'aikatan jinya. Mutum ta dawo daga dawam ɗin dare, wato aikin kwana, ƙafa a kumbure, ta tuɓe takalmi ta zauna a bakin gado, ta kira magini ta bidiyo. Shi kuma ya ɗaga waya yana zagayawa da ita: nan ne falo, nan ɗakin Hajiya, nan za a sa taga. Sai ki ga gajiyar ta sauka daga fuskarta. Wannan daɗin gaskiya ne. Ga kuma lissafi: riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk mai karɓar riyal ya ga albashinsa ya kumbura a gida ba tare da an ƙara masa komai ba, ko da yake siminti da rodi da buhun shinkafa su ma ba su tsaya jira ba. Ba kuma zan rage miki girman tayin da aka yi miki ba: wata 24 a kan riyal 8,000 ya kama riyal 192,000 kafin a cire ci da sha. Kuɗi ne masu yawa.

To ga abin da nake so ki ɗora a ɗaya gefen sikelin. Ƙasar nan wurin nema ce, ba wurin tsufa ba ce ga baƙo. Iƙamarki, wato takardar izinin zamanki, a jikin aikinki take, ranar da aiki ya tsaya ita ma ta kama hanyar tsayawa. Baƙo ba shi da fansho a nan komai daɗewarsa. Tun 2011 da aka kawo tsarin Nitaƙat ake ta ware ayyuka ga 'yan ƙasa, kuma harkar lafiya ba a bar ta a baya ba. Abin da za ki fita da shi shi ne kuɗin sallama, wanda dokar ƙwadago ta ce rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, bayan nan cikakken wata. In da 6,500 ake miki lissafi, shekara huɗu riyal 13,000 ke nan idan kwantiragi ya ƙare da kansa. Wanda ya ajiye aiki don kansa tsakanin shekara biyu da biyar kashi ɗaya cikin uku kawai yake samu. Sai dai akwai wata gaɓa da 'yan matanmu da yawa ba su sani ba: macen da ta ajiye aiki cikin wata shida daga ranar ɗaurin aurenta, ko wata uku daga haihuwarta, cikakken kuɗinta za a ba ta. Ki buɗe Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ki karanta kwantiraginki da kanki, layi bayan layi, musamman abin da ya ce a kan wanda ya katse kafin wa'adi. Kada ki sa hannu a kan shekara biyu da niyyar in abu ya yi zafi kya fita a tsakiya.

Kuma filin nan, da sunan wa aka rubuta takardarsa? Ba don in sa miki zargin kowa nake tambaya ba. Lokacin rusau ɗin Jidda a 2022, da aka tashi unguwannin Sabil da Karantina da Gulail, na taya wata baiwar Allah ɗaure kaya. Ta tsufa a kan murhu tana sayar da tuwo da waina, duk abin da ta samu gida take turawa, tana da yaƙinin tana da gida biyu a garinsu. Ta ƙi duk wanda ya nemi aurenta bayan rasuwar mijinta, wai sai ta gama. Ta zaro wata leda daga ƙarƙashin katifa ta nuna mini, cike da rasit ɗin aike da hotunan gini. Takardar fili ko ɗaya babu a ciki. Da ta koma, gidajen na nan, amma da sunan ɗan ɗan'uwanta, ita kuma aka ba ta ɗaki ɗaya a zaure. Ki sa a kawo miki hoton takardar a makon nan, kuma daga watan gobe ki riƙa ware wani abu a asusun da ke kaɗai kika san da shi.

Mu dawo kan malamin. Mutumin da ya jira shekara huɗu bai nemi ki turo masa waya ba, bai ce ki saka jari a shagonsu ba, da aka zo maganar kuma bai ce ki zaɓa tsakanina da aikinki ba, ya ce ba zai hana ki halalinki ba amma shi ma yana da nasa lokacin, wannan ya yi miki magana irin ta mutunci. Wa'adin da ya ba ki ba barazana ba ce, haƙƙinsa ne. Ƙawayenki sun ce maza ba sa ƙarewa. Haka ne, masu sallama ba za su ƙare ba, musamman a ƙofar wadda aka san tana karɓar riyal. Ki tambaye su, cikin waɗanda suke turo musu saƙo daga gida, nawa ne suke kai wata uku ba su kawo maganar rance ko biza ba. Wanda ya so ki tun kafin ki taho, kina da ɗan kuɗin mota a jaka, irinsa ba a samunsa bayan an yi kuɗi, don ba ki da sauran hanyar gwada mutum irin wannan gwajin.

Ban ce ki rufe ido ba. Na ga waɗanda suka ajiye aiki a nan suka koma a kan alkawarin baki, wata uku da tarewa miji ya ce shi matarsa ba za ta yi kwanan asibiti ba. Saboda haka kafin komai ki tambaye shi ƙarara: in na dawo zan yi aiki? Har da na dare? Albashina zan ci gaba da taimakon Umma da shi? Ki saurari amsar, ki kuma saurari yadda ya ba da ita. Dukiyar mace tata ce a Musulunci. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, Annabi (SAW) ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. A nan Saudiyya kin sani, amarya kan sa a rubuta mata a takardar aure cewa za ta ci gaba da aiki ko karatu, kuma kotu tana kama miji da shi. A gida, inda ake bin Malikiyya, malamai suna da bayani daban a kan ko irin wannan sharaɗi yana ɗaure miji, don haka waliyyinki ya zauna da malami ya ji yadda za a tsara shi. Ko ba komai, ya faɗa da bakinsa a gaban waliyyinsa da naki, mahaifiyarsa ma ta ji. Yawancin hanin da ake yi wa mata aiki ba daga ɗakin miji yake farawa ba.

Za ki ce me zai hana shi ya zo nan. Ki yi lissafinsa tukuna. Ko an ba ki izinin kawo shi, akwai harajin iyali da aka fara a 2017 da riyal 100, wanda tun 2020 ya tsaya a riyal 400 a kan kowane mutum duk wata, wato 4,800 a shekara. Sai kin bar sakan kin kama haya. Shi kuma wanda ya shigo a ƙarƙashin iƙamar wani ba ya fita ya kama aiki haka nan, sai an sami mai ɗaukarsa an nema masa izinin aiki. Malamin da ya saba tsayawa gaban aji da safe ya wuce kasuwa da yamma, a ajiye shi a ɗaki a Jidda yana jiran ki dawo daga dawam, ban ga alheri a ciki ba, gare shi ko gare ki.

Maganar shekaru ba sai na koya miki ba, ke ce a asibiti. Talatin da ɗaya ba tsufa ba ne, haihuwa kuma ta Allah ce. Amma kin san abin da likitocin mata suke faɗa a kan bayan 35, kuma wasu biyun za su kai ki 33 ko 34 kafin a fara maganar sa rana, da wani wanda ba ki ma san shi ba tukuna.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ke ba a lokaci ɗaya aka ce ki tauna ba. Kin ba nema shekara huɗu cur. Ga abin da nake gani, tunda kin tambaya. Kada ki sa hannu a kan shekara biyun nan. Ki nemi ijaza tun yanzu, kin san yadda hutu yake wuya in aikin Hajji ya gabato. Ki je da kanki, wannan ba maganar waya ba ce. Kafin ki tafi ki sa magini ya rubuta miki abin da zai kai ginin ga rufi da ƙofofi da banɗaki, yadda Umma za ta shiga ta huta da haya, ban da tayil da ado. In wata bakwai da kuɗin sallama za su kai, shi ke nan, a sa rana, ku yi gwajin jini, ki gama kwantiraginki ki yi huruj, wato fitar ƙarshe daga ƙasar, da mutuncinki. In ba za su kai ba, ki nuna masa takardar, ki nemi a ɗaura aure yanzu ki dawo ki yi shekara ɗaya tak, da ranar dawowa da manya suka shaida. Asibitin da ya ga kin isa shugabanci zai iya sauraron tayin shekara ɗaya, in ya ƙi kuma kin san matsayinki. Ki sabunta lasisinki na hukumar jinya ta Nijeriya, kada kuma ki bar na nan ya mutu da wuri. Shekara huɗu a asibitin Jidda abin nunawa ne a Asibitin Malam Aminu Kano ko a manyan asibitocin kuɗi na Kano da Abuja, ko da albashin ba zai kamo ƙafar na nan ba.

Ƙannenki kuma ki zaunar da su. Ɗan jami'a ba jariri ba ne. Su san ranar da riyal zai tsaya, su fara neman abin yi tun yanzu. Umma kuwa, ki shiga ɗakinta ki rufe ƙofa ki tambaye ta abin da take so da gaske. Uwar da 'yarta ke ciyar da ita kunya take ji ta ce dawo ki yi aure, kada a ce ba ta gode ba, tana kuma jin tsoron ta ce zauna, kada a ce ta sayar da 'yarta. Abin da kika ji a muryarta ke nan.

Saura abu ɗaya. In kika kwanta kika auna kika ga cewa a ranki aikin kike so, shugabancin kike so, daga nan ma Ingila ko Kanada kike hange, wannan ba zunubi ba ne, mata da yawa sun bi hanyar sun ga alheri. Amma to ki gaya masa kafin Salla, da bakinki, ki sallame shi ya nemi rabonsa. Ki yi istihara kafin ki hau jirgi.

*

Salam Gwaggo. Ni direban gida ne a Riyad, ɗan Funtuwa, shekarata 34, albashina riyal 1,500. Shekara uku ke nan da aka kai kuɗin gaisuwar wata yarinya a garinmu. Burina in tara in sayi mota ta haya, in haɗa lefe na fita kunya, sannan in koma gaba ɗaya a yi biki. Kullum na kusa sai farashin mota ya tashi. Yanzu babanta ya aiko cewa ko in fito ko a dawo mini da kayana. Ni gani nake in na yi aure ba sana'a a hannu, wahala zan ja mata. Ina laifina?

Ɗanki a Riyad

Wa alaikas salam, ɗana. Tunaninka na kada ka ajiye 'yar mutane ba abin ci tunani ne mai kyau, Allah ya cika maka burinka. Amma babanta ya fi ka gaskiya. Kai kana nan kana tara naka, ita kuwa me take tarawa? Tun ranar da aka karɓi kuɗinka duk wani mai mutunci ya janye daga ƙofar gidansu, don shari'a ta hana neman aure a kan neman wani. Sa'o'inta sun yi aure suna goyo, ita ana nuna ta ana cewa ta ɗan Saudiyya ce. Shekara uku ta biya wa motar da ba ta taɓa gani ba.

Lefe ka cire shi daga lissafin abin da ke hana ka. Al'ada ce, a yi daidai ƙarfi. Sadaki shi ne wajibi, mafi ƙarancinsa a wurin malamanmu rubu'in dinari, kuma Annabi (SAW) ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Uban da ya aiko ya ce ka fito ba akwati goma sha biyu yake jira ba. Ba sai ka zo ba ma za a iya ɗaurawa, wakilinka ya isa.

Abin da ya fi lefe da mota nauyi shi ne bayan ɗaurin. Kai ma'aikacin gida ne, sassaucin da aka yi wa kafala, wato tsarin da ke ɗaure baƙo ga mai gidan da ya kawo shi, a watan Maris na 2021 bai haɗa da direbobin gida ba, hutunka kuma wata ɗaya ne bayan shekara biyu. Sana'ar da ke rubuce a iƙamarka ba ta cikin waɗanda ake ba izinin zaunar da iyali. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ta shigo da bizar Umara ta maƙale. Na ga ƙarshen wannan a Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora, mata da goyo suna jiran tarhil, wato a tasa ƙeyarsu gida. An ruwaito cewa Sayyadina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iya abin da mace za ta jure rashin mijinta, daga nan ya hana a riƙe mayaƙa fiye da 'yan watanni ba su leƙa gida ba. In don jihadi aka yi wannan iyaka, ka auna amarya da shekara biyu a ɗakin uwar miji.

Saboda haka ka kira yarinyar, ita kanta, ka gaya mata nawa ka tara, nawa ya rage, da watan da kwantiraginka zai ƙare. Abin da bai kai mota ba zai kai Keke Napep, mutane da yawa da shi suka fara suna ciyar da gida, kuma direban da ya iya titunan Riyad ba zai rasa mai ba shi mota a Funtuwa ko Kaduna ba. In ta yarda, kawunka ya je wurin babanta a makon nan da watan dawowarka da ranar biki. In kuwa motar ka zaɓa, kawun ya je ya ba da haƙuri ya karɓi kuɗin gaisuwar, kuma kada a nemi ta dawo da waya ko atamfar da ka ba ta kyauta.